Babi na Bakwai: Likitanci ko Aikin Walwalar Jama'a? Lissafin Ɗan Garbadu

Garbadu ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Talata Mafara, kamar Jangebe da Morai da Ruwan Gizo. Yaron da ya tashi a nan har ya kai ga riƙe takardar digirin farko daga Sakkwato ko Gusau ko Zariya, ba shi kaɗai ya yi karatun ba. Akwai buhunan gero da aka sayar saboda shi, akwai rago da aka fasa yanka layya, akwai yayar da ta ba da awakinta. Don haka idan ya gama yi wa ƙasa hidima ya dawo gida da niyyar ƙaro ilimi, maganar ba ta tsaya a zuciyarsa ba, sai an zauna an tattauna ta a zaure.

A 'yan shekarun nan ana samun matasan da ke tsayawa tsakanin hanyoyi biyu a irin wannan zama. Ko su koma baya su nemi gurbin likitanci, ko su wuce gaba su yi digiri na biyu a aikin walwalar jama'a. Duka biyun suna fitowa ne daga abu guda, wato ganin wahalar mutane da kasa kau da kai. Amma a idon gida ba ɗaya suke ba. Idan yaro ya ce likita zai zama, mahaifi zai gyara zama ya ce, "Allah ya yi maka albarka, mu ma mu samu namu." Idan ya ce walwalar jama'a zai karanta, sai kawu ya tambaya, "To ɗana, in ka gama, a ina ake zama da wannan?"

Tambayar kawu tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa. Haka ma burin mahaifi yana da hujja mai ƙarfi, kuma da ita ya kamata a fara.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa wa 'yan jarida cewa likitocin da ke aiki a Najeriya ba su wuce kimanin 55,000 ba, kuma wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Wannan a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ke nan. Waɗanda suka ragen ma sun fi taruwa a Legas da Abuja da manyan birane. A Zamfara, jihar da aka ciro daga tsohuwar Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996, mai ciwon da ya fi ƙarfin asibitin garinsu yakan nufi Gusau, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, in abu ya ƙi sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hanyoyin da ake bi zuwa can kuwa kowa ya san halin da suke ciki tun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata da tsakar dare a wani ƙauyen Maradun ba nasiha take bukata ba. Hannun da ya iya tiyata take bukata, da jakar jini, da fitilar da ba za ta ɗauke ba. Duk wanda ya ce wa ɗan Garbadu mai basira da juriya ya bar likitanci don wai yana da wuya, bai yi wa yankin adalci ba.

Sai dai a san tsawon hanyar kafin a ɗauke ta. Karatun likitanci a jami'o'in Najeriya shekara shida ne idan ba a yi yajin aiki ba, kuma yajin malaman jami'a na 2022 shi kaɗai ya ci wata takwas. Bayan shidan akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti kafin Hukumar Kula da Likitoci ta ba mutum cikakken lasisi. Mai son zama ƙwararre a tiyata ko cututtukan mata ko na yara zai ƙara wasu shekaru biyar zuwa shida. Wanda ya yi digirin farko a fannin kimiyya, kamar nazarin ƙananan halittu ko sinadaran jiki, kuma ya fita da sakamako mai kyau, yana iya neman shiga kai tsaye daga aji biyu, ya rage shekara ɗaya. Amma guraben nan 'yan kaɗan ne, domin kowace jami'a akwai adadin ɗaliban da aka ƙayyade mata. Shi kuwa wanda ya karanta nazarin zamantakewa ko tattalin arziki, sai ya koma tushe: ya samo kiredit a fizis da kemistiri da bayoloji, ya sake zama jarrabawar JAMB tare da ƙannensa. Matashi mai shekara 26 da ya bi wannan hanya zai doshi 33 kafin ya fara karɓar albashin likita, idan an ɗauke shi a karon farko. A gidan manomi wannan damina bakwai ce, kowace da nata rabon, a yankin da wasu gonakin ma ba sa nomuwa saboda tsoro.

Wasu sun nemi gajeriyar hanya ta ƙasashen waje. Sudan ta daɗe tana karɓar 'ya'yan Arewa masu karatun likitanci, musamman mata. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023, aka kwaso su a motoci da jirage, wasu saura musu shekara ɗaya su gama, suka dawo suna neman jami'ar da za ta karɓe su.

Digiri na biyu a aikin walwalar jama'a kuwa galibi shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Wanda digirinsa na farko bai shafi fannin ba yakan fara da difloma ta gaba da digiri. Jami'ar Najeriya ta Nsukka da Jami'ar Ibadan suna cikin waɗanda suka daɗe da koyar da shi, a Arewa kuma ɗalibai da yawa kan kusance shi ta sashen nazarin zamantakewa. Ana koyon yadda ake zama da mutum a saurare shi ba tare da an yanke masa hukunci ba, yadda ake buɗe fayil a bi lamarin iyali daga farko har ƙarshe, dokokin da suka shafi yara da mata da naƙasassu, da yadda ake rubuta rahoton da alƙali zai iya aiki da shi. Akwai kuma watannin koyon aiki a asibiti ko gidan marayu ko gidan gyaran hali.

Wanda ke son ya ga amfanin wannan aiki da idonsa ba sai ya je nesa ba. Ya dubi abin da ya faru a Anka da Bukkuyum, maƙwabtan Talata Mafara.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka iske ƙauyukan da yara ke ta mutuwa. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba sauyi. Da aka aika jini waje aka gwada, sai ga gubar dalma a matakin da likitoci da yawa ba su taɓa gani ba. Binciken da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka yi tare da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara ɗaya. A jimlace an kiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka mutu. Sunayen Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega suka shiga jaridun duniya.

Sanadin yana cikin tsakar gida. Farashin zinare ya tashi, maza suka koma haƙo duwatsu, duwatsun kuma cike da dalma. Ana kawo su gida a fasa, a kai injin niƙa, mata su daka wasu a turmi, a shanya garin a inda ake shanya hatsi. Ƙurar ta bi ƙasa, jariri mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Likitoci suna da magani, wata ƙwaya da ke kama dalma a jini ta fitar da ita ta fitsari. Amma sun gane da wuri cewa idan aka ba yaro magani ya koma kan ƙasar da ta sa masa ciwon, an yi aikin banza, wani lokaci ma an ƙara masa illa. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe, an zuba sabuwa. Injiniyoyin muhalli na TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith suka jagoranci wannan. To amma wa zai shiga gidan kulle ya yi wa matan bayani? Wa zai shawo kan magidancin da ke samun a rana ɗaya abin da gona ba ta ba shi a wata, ya yarda ya fitar da sana'arsa bayan gari? Wa zai zauna da uwar da aka ce ta tare a asibiti makonni da yaro ɗaya, alhali ta bar uku a gida ga damina ta kama? Sarakuna da hakimai da limamai sun taka rawa, haka matan da aka ɗauka suna bi gida-gida, haka masu wayar da kai da ke bin sawun duk yaron da ya daina zuwa karɓar magani. Ba duka ne ke da takardar shaidar walwalar jama'a ba, amma aikin da suka yi shi ne ainihin abin da ake koyarwa a fannin.

Bagega kuwa ta jira har 2013. Likitoci na nan, magani na nan, amma ba a iya fara jinyar yaran garin ba saboda kuɗin share ƙasa bai fito daga Abuja ba. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da gangamin ceto Bagega, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka matsa, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon shekarar. MSF ta ci gaba da aikin har 2022 kafin ta miƙa shi ga hukumomin jiha. Yaran da suka tsira, wasu da makanta, wasu da raunin ƙwaƙwalwa, yanzu samari ne da 'yan mata. Allura ta gama nata aikin a kansu tuntuni. Abin da ya rage shi ne makaranta da sana'a da wanda zai tallafi iyayen da ke ɗauke da su.

Likitoci da kansu sun daɗe da gane wannan giɓi. A 1905, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, wani likita mai suna Richard Cabot ya gaji da rubuta wa masu tarin fuka hutu da abinci mai kyau alhali ya san ɗaki ɗaya suke kwana su da yawa kuma ba su da abin saye. Ya ɗauko ma'aikaciya ta musamman don ta riƙa bin marasa lafiya gida, daga baya Ida Cannon ta riƙe sashen shekaru da dama ta mayar da shi sana'a mai ƙa'ida. Tun kafin nan, a 1895, asibitin Royal Free na Landan ya ɗauki Mary Stewart don duba halin talakawan da ke zuwa neman magani. A Najeriya ma manyan asibitocin koyarwa, tun daga na Ibadan da aka buɗe a 1957, suna da sashen walwalar marasa lafiya. Can ake tura wanda aka sallama ba shi da kuɗin biya, da jaririn da aka tsinta, da tsohon da 'yan uwa suka kawo suka gudu.

Haka abin yake a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun daga 1980 da 'yan kai yana ɗinke matan da suka kamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ya kuma horar da likitoci masu yawa. Ɗinkin kan ɗauki awa ɗaya ko biyu. Amma sai matar ta yi watanni ba ta koma shimfiɗar miji ba, kuma haihuwa ta gaba dole a asibiti. Da yawansu an riga an sake su, wasu an ware musu kwano da tabarma. Idan ba a samu wanda ya zauna da mijin da uwar mijin ba, ɗinkin yana iya warwarewa cikin shekara. Shi ya sa aka yi gidan Kwalli a Kano, inda irin waɗannan mata ke zama suna koyon ɗinki da saƙa kafin su koma garuruwansu. A asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, likitocin fiɗa ne ke gyara fuskar da cutar ta cinye, amma masu ba da shawara ne ke koya wa yaron sake shiga cikin tsaransa.

Sai kuma abin da ya taɓa Talata Mafara kai tsaye. Daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe suka tafi da ɗalibai 279. An sako su ranar 2 ga Maris, aka kai su Gusau, likitoci suka duba su, aka wanke ƙafafun da suka kumbura da tafiyar daji. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, aka katse layukan waya na tsawon makonni. Raunin ƙafa yana warkewa cikin kwana goma. Yarinyar da ke firgita idan ta ji ƙarar babur, da mahaifin da ya rantse ba za ta sake kwana a makaranta ba, da maƙwabtan da ke raɗe-raɗin abin da ba su gani ba, waɗannan ba a gama da su a kwana goma. Babban asibitin masu taɓin hankali na tarayya mafi kusa yana Kware ne a jihar Sakkwato, kuma mafi yawan masu irin wannan damuwa ba kwanciya asibiti suke bukata ba. Mutum suke bukata mai jin harshensu, wanda ya san gidansu, wanda aka koya masa yadda ake wannan zama, kuma aikinsa ke nan da ake biyansa a kai.

Wani zai ce ai Bahaushe bai taɓa rasa wannan ba. Akwai zumunci, akwai mai unguwa, akwai liman, akwai gwaggo da ke sasanta aure. Zamfara ma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun bayan da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999. Gaskiya ne, kuma duk jami'in walwalar da ya raina waɗannan ba zai yi wata uku a Garbadu ba. Amma zumunci yana aiki ne idan dangi na zaune wuri ɗaya kuma wani a cikinsu yana da rara. Idan an tashi ƙauye gaba ɗaya, mai unguwar ma ɗan gudun hijira ne yana kwana a ajin firamare, to sai an samu wanda zai rubuta sunaye, ya gano marayu, ya haɗa wadda mijinta ya rasu da hukumar zakka, ya koma bayan wata guda ya ga ko abin ya iso hannunta.

Yanzu a dawo kan tambayar kawu, a amsa ta ba tare da ɓoye komai ba. Likita ba ya neman aiki, aiki ke nemansa, kuma yana da tsarin albashi nasa na daban. Jami'in walwala a asibitin tarayya yana kan tsarin sauran ma'aikatan lafiya, wanda bai kai na likita ba. A ma'aikatar mata ta jiha ko sashen walwala na ƙaramar hukuma kuwa albashin ma'aikacin gwamnati ne na yau da kullum, sau da yawa ba babur ɗin zagaye, ba kuɗin mai. Inda kuɗi yake shi ne ƙungiyoyin agaji, amma aikinsu na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, kuma 2025 ta nuna rauninsa lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumar USAID, ma'aikata da yawa a Najeriya suka wayi gari ba aiki. Abin da ya ɗan sauya lissafi shi ne doka. A ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a, a farkon 2023 kuma aka sanar da sa hannunsa kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Zamfara ma ta yi tata dokar kare yara a 2022. Dokokin nan ba za su yi aiki ba sai da mutanen da aka horar, sai dai har yanzu guraben aikin ba su biyo bayan takardun ba.

Idan aka haɗa duka, hukuncin bai da wuyar faɗi. Matashin da ya fito daga kimiyya da sakamako mai ƙarfi, wanda jini da gawa da kwanan asibiti ba sa karya masa zuciya, kuma gidansu ko gwamnati za su iya ɗaukar nauyinsa shekara shida, ya nemi likitanci da gaske, ya kuma ƙudurta tun yanzu cewa zai ba yankinsa wasu shekaru kafin Saudiyya ko Ingila su kira shi. Musamman idan mace ce, domin akwai matan da ke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu don kada namiji ya duba su. Shi kuwa wanda ya karanta zamantakewa ko ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ya lura mutane na kawo masa damuwarsu tun yana ɗalibi, babu dalilin da zai sa ya ƙone shekara uku yana maimaita JAMB don kawai a kira shi dokta a wurin ɗaurin aure. Wanda ya shiga walwalar jama'a da ɓacin ran cewa likitanci ne ya ƙi shi, zai cuci mutanen da za a ba shi amana. Wanda ya shiga likitanci don farin jini kawai, aji uku zai tace shi.

Sauran nauyin yana kan hukuma. Talata Mafara tana da Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, tana da babban asibiti, tana kuma tsakiyar yankin da ya ga gubar dalma da satar ɗalibai da gudun hijira cikin shekara goma sha biyar. Ya kamata gwamnatin jiha ta buɗe sashen koyar da aikin walwalar jama'a a nan, ta ware gurbin jami'in walwala mai horo a manyan asibitocin Talata Mafara da Bakura da Maradun, da albashi da abin hawa, ta kuma biya wa 'ya'yan talakawa masu karatun likitanci kuɗin makaranta a kan kari bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a gida.